Gurɓata Ƙasa da Ruwa da Iska: Dokokin Tarayya da Horon da Suka Tanada



Wannan jawabi ya shafi wani laifi ne wanda mutane da yawa ba su ɗauke shi a bakin laifi ba, wato gurɓata ƙasa da ruwa da iska. Kowa ya san hukuncin ɓarawo, kowa ya san makomar mai kisankai, amma ba kowa ba ne ya san cewa a cikin dokokin Nijeriya akwai wadda za ta iya sa a ɗaure mutum rai da rai, a kuma ƙwace filinsa, ba don ya ɗauki kayan wani ba, sai don ya yarda an jibge waɗansu ganguna a bayan gidansa. Rashin sanin doka kuwa ba ya zama hujja a gaban alƙali. Saboda haka ya wajaba a bayyana wa jama'a yadda aka yi waɗannan dokoki suka samu, da hukumomin da aka ɗora wa nauyin tsare su, da irin horon da ke jiran wanda ya keta su.

Asalin maganar daga Koko ya taso. Koko wani ƙaramin gari ne mai tashar jiragen ruwa a bakin Kogin Benin, a da yana cikin Jihar Bendel, yanzu kuwa yana Jihar Delta. Tsakanin 1987 da 1988 wani ɗan kasuwa mutumin Italiya ya yi ta shigo da ganguna ta wannan tasha, jirgi bayan jirgi har sau 5, nauyin kayan duka ya kusa tan 4,000. Aka ce kayan aikin gini ne da sinadaran masana'antu. Aka sami wani magidanci a garin aka yi jinga da shi, ya ba da hayar filinsa a kan kimanin dala 100 a wata, aka tara gangunan a nan, rana ta doke su, ruwan sama ya doke su. Abin da ke ciki kuwa dagwalo ne mai guba, wanda masana'antun Turai suka ga zubar da shi bisa ƙa'ida a can zai ci musu kuɗi mai yawa, suka nemi inda za a karɓa da araha. Da zafi ya yi zafi sai gangunan suka fara kumbura suna fashewa, dagwalon yana tsiyaya cikin ƙasa. Har an ba da labarin cewa waɗansu mutanen garin sun juye abin da ke cikin waɗansu gangunan, suka ɗauraye su, suka mai da su mazubin ruwan sha, don a ganinsu ganga mai kyau ba abin yarwa ba ce.

Ba jami'in kwastan ne ya tona asirin ba, ba kuma ɗan sanda ba ne. Waɗansu ɗalibai ne 'yan Nijeriya da ke karatu a Italiya suka sami labarin a can, suka rubuto wa jaridun gida. 'Yan jarida suka bi sawu har Koko, a watan Yuni na 1988 labari ya game ƙasa. Gwamnatin Tarayya a ƙarƙashin Janar Ibrahim Babangida ta kira jakadanta na Roma ya dawo gida, ta tsare wani jirgin ruwa na Italiya a tashar Ikko, ta kafe a kan lalle sai Italiya ta kwashe kayanta. Italiya ta yarda. Leburorin da suka yi aikin mai da gangunan cikin jirgi, da dama daga cikinsu sun sami ƙuna a jiki da amai da sauran larurori. Ɗaya daga cikin jiragen da suka kwashi kayan, mai suna Karin B, ya yi makonni yana yawo a teku, ƙasashen Turai irin su Ingila da Faransa da Sifen suna hana shi sauke kaya, kafin daga bisani ya tsaya a Livorno ta Italiya. Wato abin da Turawa suka ƙi yarda ya kwana a tasharsu alhali yana rufe cikin jirgi, shi ne ya yi watanni a fili kusa da ɗakunan mutanen Koko.

Da aka zo maganar hukunci sai aka tarar ƙasa ba ta da wata doka takamaimiya a kan irin wannan laifi. Abin da ke akwai tsofaffin dokoki ne na zamanin Turawa, irin sashe na 245 na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a jihohin kudu, wanda ya yanka ɗaurin wata 6 ga mai ɓata ruwan rijiya ko na ƙorama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, masu safarar dagwalo kuwa sun ga tsagar tun kafin mutanen gida su gan ta.

Kafin shekarar ta ƙare aka kafa Dokar Soja mai lamba 42 ta 1988, dokar shara mai cutarwa, wadda har yau tana cikin kundin dokokin Tarayya. Ya kamata a tsaya a kanta, domin ita ce mafi tsanani a cikin dokokin muhalli duka. Ta haramta ɗaukar shara mai cutarwa, da jibge ta, da zubar da ita, da shigo da ita, da sayenta, da sayar da ita, har ma da shiga tsakani a cinikinta, ko a tudu ne ko a cikin koguna ko a ruwan tekun Nijeriya, matuƙar babu izinin hukuma. Hukuncin ɗaurin rai da rai ne. Bayan ɗauri, abin da aka yi dakon sharar da shi, mota ce ko jirgi ko kwantena, ya zama na Gwamnatin Tarayya, haka ma filin da aka jibge ta. Wanda ya taimaka, da wanda ya ba da shawara, da wanda ya yi yunƙuri bai kai ga cim ma burinsa ba, duk doka ta haɗa su da wanda ya aikata. In kamfani ne ya yi laifin da sani ko sakacin manajansa ko darektansa, to, shi ma wannan jami'i zai gurfana da kansa, ba zai ɓuya a bayan sunan kamfani ba. Kariyar nan da ake ba ma'aikatan jakadanci ma dokar ta cire ta a kan wannan laifi. Babbar Kotun Tarayya ce ke yin shari'ar. Wanda kuwa sharar ta cutar, ta jawo masa ciwo ko ta kashe masa wani, yana da ikon neman diyya daga wanda ya zubar da ita.

Wannan gargaɗi ne ga masu filaye da masu manyan motoci da dillalai. Baƙon da ya zo neman hayar kango ko sito don ajiye ganguna, ya ƙi faɗin abin da ke ciki, ya kuma biya fiye da kima ba tare da ciniki ba, ba alheri ya kawo ba. Direban da aka ɗauka ya kai kaya daji da tsakar dare ya juye, aka ce kada ya yi tambaya, ya sani motarsa da 'yancinsa ya jinginar.

Abin da ya faru a Koko bai tsaya a Nijeriya kaɗai ba. Yana cikin dalilan da suka sa aka ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989 don lura da safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe, sa'an nan ƙasashen Afirka suka ƙulla tasu a Bamako a 1991, wadda ta hana shigo da irin wannan shara nahiyar gaba ɗaya.

Doka ba ta tsare kanta, sai da ma'aikata. A watan Disamba na 1988 aka kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, FEPA, da Dokar Soja mai lamba 58. A 1999 aka narkar da ita cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a wannan shekara kuma tsarin mulkin ƙasa, a sashe na 20, ya ɗora wa gwamnati nauyin kare ruwa da iska da ƙasa da dazuzzuka da namun daji. Da aka ga ma'aikata kaɗai ba za ta iya bin masana'antu ɗaya bayan ɗaya ba, sai a 2007 aka kafa hukumar NESREA, wadda ita ce yau ke tilasta bin ƙa'idojin muhalli a madadin Tarayya. Jami'anta suna da ikon shiga ma'aikata su duba, su ɗebi samfurin ruwa ko ƙasa ko hayaƙi su kai ɗakin gwaji, su binciki takardu, su garƙame wuri, su kai ƙara kotu. Hana su aiki laifi ne mai zaman kansa. Dokar da ta kafa hukumar, a sashe na 27, ta yanka tarar da za ta iya kai naira 1,000,000 ko ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda ya saki abu mai haɗari cikin iska ko ruwa ko ƙasa, kamfani kuwa aka ƙara masa naira 50,000 a kowace rana muddin bai daina ba. A 2018 aka yi wa dokar kwaskwarima, aka ƙara tsananta horo.

A ƙarƙashin wannan doka an fitar da ƙa'idoji fiye da 30, kowace sana'a da tata: ta masaƙu da majemu, ta haƙar ma'adinai, ta kayan lantarki, ta ƙone daji, har da ta yawan ƙara da amo. Bisa al'ada ba a fara wa da garƙamewa. Ana rubuta wa mai masana'anta takardar gargaɗi a nuna masa inda ya kauce, a ba shi wa'adin gyara, a sake dawowa a duba. Wanda ya yi kunnen uwar shegu shi ne ke wayar gari ya tarar an manna takardar rufewa a ƙofarsa.

Misalin da ya fi kusa da mutanen arewa shi ne na jima. Tun ƙarnuka da suka wuce ƙasar Hausa ta yi suna da wannan sana'a, har fatar jan akuyar Sakkwato da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita ta zama abin da Turawa ke kira fatar Maroko. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki. Masana'antun zamani kuwa, irin waɗanda ke Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, galibi da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam suke jima, don ya fi sauri. Ruwan da ya fito daga wannan aiki, in ba a tace shi ba, yana gangarawa Kogin Challawa, na Bompai kuwa ya bi Getsi ya faɗa Jakara. A gaɓar waɗannan ruwaye akwai masu noman rani da ke ban ruwan latas da alayyafo da kabeji, washegari kayan lambun suna kasuwa, jibi suna cikin tukunya. Ƙa'idar 2009 ta wajabta wa kowace irin wannan masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. Masu masana'antu sukan yi kukan tsadar injin tacewa da ƙarancin wutar lantarki, kukan nasu kuwa ba ƙarya ba ne. Sai dai kuɗin da suka ƙi kashewa ba ɓacewa yake yi ba, yana komawa ne kan mai lambu da masunci da mai jinya, waɗanda ba su ci riba ko ta kwabo ba a cinikin fatar.

Sha'anin man fetur yana da tasa hukumar dabam, wato NOSDRA, wadda aka kafa a 2006. Dokarta ta ce duk kamfanin da mai ya malala daga bututunsa ko rijiyarsa, dole ya sanar da hukumar a rubuce cikin awa 24. In ya yi shiru, tarar naira 500,000 ce a kowace rana, in kuma ya ƙi tsabtace wurin a ƙara masa naira 1,000,000. Wanda ya san abin da malalar mai ke yi zai ga wannan tara ba ta taka kara ta karya ba. A 2011 Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton bincikenta a ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas. A wani gari mai suna Nisisioken Ogale an tarar da sinadarin benzin, mai jawo ciwon daji, a ruwan rijiyoyin da mutane ke sha, yawansa ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi sau 900. Rahoton ya ce gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a fara da dala biliyan 1. An daina haƙo mai a Ogoni tun 1993, amma abin da ya riga ya nutse cikin ƙasa bai san an daina ba. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin tsabtace yankin. Ba kamfanoni kaɗai ke da alhakin malalar mai a wannan sashe na ƙasa ba, akwai masu fasa bututu da masu tace mai a ɓoye cikin surƙuƙi, su ma doka tana kansu.

Gaskiyar magana ita ce waɗansu tarori an yanka su ne a zamanin da naira ke da ƙarfi, yau kuwa babban kamfani zai iya biyansu bai ji a jikinsa ba. Abin da ya fi ba irin waɗannan tsoro shi ne garƙame masana'anta, da ɗaure jami'in da ke da alhaki, da tilasta musu gyara abin da suka ɓata da kuɗinsu.

Akwai kuma gurɓatar da babu baƙo a cikinta, babu jirgin ruwa, babu kamfani. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a waɗansu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, bayan sun yi ta amai da farfaɗiya. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Da aka gwada jininsu sai aka tarar gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a duniya a waɗannan shekaru, mutanen ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega suka duƙufa haƙo dutse, suna kawo shi cikin gida, ana daka shi a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, ana shanya garin a tsakar gida. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe, ta shiga kwanon abinci, ta shiga rijiya. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, dalma kuwa in ba ta kashe yaro ba takan taɓa masa ƙwaƙwalwa har iyakar rayuwarsa. Maganin da ke fitar da ita daga jini ba ya amfani in yaron zai koma wasa a kan ƙasar da ta sa masa ciwon, don haka sai da aka bi gida gida ana kankare ƙasar sama ana zuba sabuwa kafin a fara jinya. Bagega ba ta sami wannan aiki ba sai a 2013. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

To, a nan wa za a ɗaure? Uban da ya kawo dutsen gida shi ne ya binne ɗansa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta haramta haƙa ba da lasisi ba, ta kuma nemi ƙananan mahaƙa su haɗu cikin ƙungiyoyin gama kai su yi rajista, don a san inda suke a koya musu aiki. Wannan shi ne amfanin rajistar da mutane ke gudu suna zaton hanyar karɓar haraji ce kawai. Abin da ma'aikatan lafiya ke nanatawa ba shi da wuya: kada a kawo dutse cikin gari, a niƙa shi da jiƙe don kada ƙura ta tashi, mai aikin ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shiga gida, kada a bar yara su kusanci wurin. Haka nan masu fasa tsohon batirin mota suna narka dalmar da ke ciki a tsakiyar unguwa, da masu ƙona wayoyin lantarki don fitar da tagulla, guba iri ɗaya suke shaƙa suna shaƙar da maƙwabta.

Ba Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da hannu a wannan aiki ba. Jihohi suna da ma'aikatu da hukumomin muhalli nasu da dokokinsu, kamar yadda Jihar Ikko ta haramta robar zuba abinci mai kama da soso a 2024 saboda yadda take toshe magudanai. Kwashe shara da tsabtar kasuwa da mahauta kuwa aikin ƙaramar hukuma ne. Dattawa ba su manta da duba-gari ba, wanda in aka hango shi a bakin layi mata ke rugawa su rufe randa su share tsakar gida. Har yanzu akwai shi, ko da yake sunan aikinsa ya koma jami'in lafiyar muhalli, kuma yana da ikon ba da takardar gargaɗi da kai mai taurin kai gaban kotu.

Doka ta ba talaka ma nasa ikon, sai dai kaɗan ne ke amfani da shi. Dokar Soja mai lamba 86 ta 1992 ta hana fara babban aiki, irin su madatsar ruwa ko matatar mai ko babbar masana'anta ko haƙar ma'adinai, sai an binciki illar da zai yi wa muhalli an rubuta rahoto. Ana baje wannan rahoto na kwanakin aiki 21, galibi a ofishin ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, don duk wanda abin ya shafa ya karanta ya rubuta ƙorafinsa. Al'ummar da ta bar waɗannan kwanaki suka wuce ba ta ce uffan ba, ta yi asarar lokacin da maganarta ta fi nauyi. Bayan haka, a 2018 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata ƙara da wata ƙungiya mai zaman kanta ta shigar a kan kamfanin mai na ƙasa saboda malalar mai a Jihar Abiya, ta ce ƙungiya tana da ikon kai ƙara a kan gurɓata muhalli domin amfanin jama'a, ko da ba ita ce abin ya cutar kai tsaye ba.

Jami'an hukuma ba su da yawan da za su tsaya a bakin kowane rafi, saboda haka yawancin abin da suke kamawa daga rahoton mutanen wuri yake farawa. Wanda ya ga an jibge ganguna ko buhuna da ba a san asalinsu ba, ko ya ga ruwan rafi ya sauya launi kifaye suna tasowa matattu, ko ya lura yaran unguwa ɗaya suna kamuwa da ciwo iri ɗaya, kada ya taɓa, kada ya buɗe, kada ya ɗauki gangar don amfanin gida komai kyanta. A hana yara da dabbobi zuwa wurin, a daina shan ruwan da ake tuhuma. A sanar da mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya kai magana ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da ma'aikatar muhalli ta jiha, da ofishin NESREA mafi kusa, in kuwa malalar mai ce a sanar da NOSDRA. A riƙe ranar da aka ga abin da lokacin, da lambar motar da ta kawo kayan in an gani, a ɗauki hoto daga nesa in da hali. Rahoton ya fi kyau a yi shi a rubuce a ajiye kwafi, a kuma gaggauta, domin ruwan sama guda ɗaya yana iya wanke shaidar da jami'in gwaji zai ɗiba ya kai gaban alƙali.